Kimiyya ta san cutar, amma ta san mutanen kuwa?

Injiniya Bash:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya a wurin ɗaurin aure na ji wani dattijo yana cewa wai akwai abin da boko ba ya gani. Na yi shiru saboda furfurarsa, amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo ta nan. A ganina irin wannan tunanin ne ya hana mu gaba. Ku ɗauki shan inna kawai. Sunan ma ya isa shaida: kakanninmu sun ɗauka wata aljana ce, Inna, take shanye ƙafar yaro. Shekara nawa aka yi ana turare ana yanka ana kiran masu girka? Ko ƙafa ɗaya ba ta miƙe ba. Sai da masana suka gano ƙwayar cuta ce mai bin bayan gida da gurɓataccen ruwa ta shiga ta baki. Jonas Salk ya fito da allura a 1955, Albert Sabin ya biyo baya da na ɗigawa. A 1988, da aka ƙaddamar da yaƙi da cutar a duniya, yara wajen 350,000 take nakasawa duk shekara a ƙasashe 125. Ran 25 ga Agustan 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar ta asali. Wa ya yi wannan aikin, al'ada ko kimiyya? Ni dai matsayina a fili yake: abin da ba ya aunuwa, ba ya gwaduwa, ra'ayi ne kawai. Shi kansa ɗan Adam, da sonsa da kunyarsa da tsoronsa, sinadarai ne a ƙwaƙwalwa, lokaci kawai ake jira a gama karanta su.

Ɗan Kurmi:
Tofa! Ka je ka faɗa wa Hajiyarku cewa son da take maka sinadari ne, mu ga ko za ka ci tuwon dare.

Anti Nas:
Wa'alaikumussalam. Bash ɗana, tunda shan inna ka ɗauko, to ka shigo gonata. Na fi shekara goma ina bin gida-gida da kular magani a kafaɗa da alli a hannu, kafin a mai da ni mai duba tawaga. A kan maganin ba ni da ja ko kaɗan. Ɗigo biyu ne a baki, kuma yana aiki, jikokina duk a gabana aka ɗiga musu. Amma ka yi tsalle daga 1988 ka dira a 2020, ka tsallake inda gizo yake saƙar.

A 2003 Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin, bayan Dokta Datti Ahmad da wasu sun ce an sa wa maganin abin hana haihuwa. Ka lura fa, likita ne ya faɗa, ba ɗan bori ba. Kano ce ta fi daɗewa, sai ƙarshen Yulin 2004 aka dawo. A tsakanin nan an kai maganin ɗakunan gwaji a gida da waje, gwamnatin tarayya ta ce lafiyarsa ƙalau, aka yi ta bayani a rediyo har murya ta dushe. Mutane ko gezau. Me ya buɗe ƙofa? Aka ce to za a sayo daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Irin maganin dai shi ne, na Sabin ɗin da ka ambata, hannun da ya miƙo shi ne ya canza. Sannan gwamna Malam Ibrahim Shekarau ya miƙa 'yarsa ta cikinsa aka ɗiga mata a bainar jama'a. A 2009 kuma Sarkin Musulmi ya haɗa sarakunan Arewa suka shiga aikin gadan-gadan, hakimi ya kira dagaci, dagaci ya kira mai unguwa. Daga ranar da mai unguwa ya fara yi mana rakiya, gidajen da muka gaji da sa wa alamar ƙi a bango suka fara fito da yara.

Bari in ba ka wanda na gani da idona. Wani magidanci, tela ne, ya tare mu a zaure. Bai ɗaga murya ba, har tabarma ya shimfiɗa mana, ya aika yaro ya kawo ruwa. Ya ce, "Hajiya, watan jiya na kai 'yata asibiti da zazzaɓi. Na sayi kati, na sayi allura, har safar hannun da aka sa aka taɓa ta ni na saya. Bara ƙyanda ta ɗauki yara biyu a layin nan, ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Amma wannan ciwon kuna ta sintiri a kansa, kyauta, har da roƙo. Me ya sa?" Na buɗe baki na rasa abin faɗa. Amsar gaskiya na san ta: duniya ta ga wannan cutar ana iya kawar da ita kwata-kwata kamar yadda aka yi wa agana, shi ya sa kuɗin suka taru a kanta. Amma ka gwada faɗa wa mutumin da ya sai da keken ɗinkinsa na biyu don ya biya kuɗin magani. Da aka fara haɗa mu da sabulu da gidan sauro da maganin tsutsar ciki, irin su telan nan suka fara saukowa. Ba don an ƙara musu ilimin ƙwayar cuta ba, don sun ga an ji kukansu ne.

Injiniya Bash:
Ranki ya daɗe Anti, na ji, kuma Allah ya saka da alheri da wahalar da kuka sha. Amma ai kin ƙara mini hujja ne. Me ƙin ya haifar? A 2006 yaran da cutar ta kama a Najeriya sun haura dubu. Ƙwayar ta tashi daga nan ta kai Sudan da Yaman, har Indonesiyar da muka ce ita muka yarda da ita sai da ta isa a 2005. Jahilci ne ya jawo, kuma maganin jahilci ilimi ne. Da mutane sun san kimiyya, da ba sai an kira mai unguwa ba.

Lauyan Talakawa:
Mutumina Bash, kalmar jahilcin nan ta fiye sauƙin fita daga bakin 'yan boko. Ruwa ba ya tsami banza. Shekara bakwai kacal kafin 2003 me ya faru a Kano? A 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke, dubban mutane suka mutu a Arewa. Kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana ya gwada sabon magani, Trovan, a kan yara. Yara 200 aka ɗiba, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani wanda aka riga aka sani. Goma sha ɗaya suka rasu, biyar daga wannan ɓangare, shida daga wancan, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, ba magani ba. Jaridar Washington Post ce ta tono zancen a ƙarshen 2000, aka yi ta shari'a a nan da Amurka, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

To ka haɗa wannan da tsarin ƙayyade iyali na 1988, zamanin Babangida, da ya ce mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu. Ka haɗa da mamayar Iraƙi a Maris ɗin 2003, kowa yana jin ta a rediyo safe da yamma. Sai ga baƙi da magani kyauta suna cewa buɗe bakin ɗanka. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Mutanen nan sun yi kuskure a kan maganin, wannan ba musu. Amma ba su yi kuskure ba da suka ce mai farar riga ma yana iya cin amana. Har a 2011 ai an tabbatar musu: hukumar leƙen asirin Amurka ta shirya rigakafin ƙarya na ciwon hanta a Abbottabad ta Pakistan don farautar Usama bin Laden. Ma'aikatan rigakafi na gaskiya ne suka biya bashin da rayukansu.

Anti Nas:
Mu ma mun biya, Lauya. Fabrairun 2013, mata tara aka harbe a Kano suna bakin aiki. Allah ya jiƙansu. Ba na son tuna ranar.

Injiniya Bash:
Amin ya Allah. Amma Lauya, abin da ka lissafa ba laifin kimiyya ba ne, laifin mutanen da suka karya ƙa'ida ne. Akwai dokokin bincike, dole a nemi yardar mutum kafin a yi gwaji da shi. Wanda ya taka su shi za a kama, ba ilimin ba.

Almajirin Zaure:
Madalla. Injiniya, da bakinka ka kawo mu inda nake jira. Ita wannan ƙa'idar, cewa haramun ne a yi gwaji da yaro ba da sanin iyayensa ba, a wane ɗakin gwaji aka gano ta? Da wane ma'auni aka auna ta, kilo nawa ce? In don sakamako ne kawai, ai gwajin da ba a nemi izini ba yana iya ba da lissafi daidai, har ma ya fi sauri. Abin da ya ce maka "kul, kada ka yi" daga wani wuri ya zo, ba daga madubin duba ƙwayar cuta ba. Su kansu Turawan sai bayan shari'ar likitocin Nazi a Nuremberg, a 1947, suka zauna suka rubuta ta a matsayin ƙa'idar da duniya ta sani, bayan an riga an yi ɓarnar. Kuma ɗaya daga cikin malamansu, David Hume na Sikotilan, tun a ƙarni na 18 ya lura cewa komai yawan bayanin da ka tara a kan yadda abu yake, ba zai haifa maka yadda ya kamata a yi ba. Sai ka shigo da wata ƙima daga waje. Kai ka shigo da ita ba ka sani ba, ka sa mata rigar kimiyya.

Sannan jumlarka ta farko, wai abin da ba ya gwaduwa ra'ayi ne kawai. To ita jumlar a gwada mana ita mu gani. In ba ta gwaduwa, ka ga ta cinye kanta ke nan.

Kada kuma a fahimce ni a baibai. Ni ba maƙiyin ilimin nan ba ne, kuma addini bai ce a yi gaba da shi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a ƙissar barbarar dabino ya ce wa manoman Madina su ne mafi sanin al'amuran duniyarsu. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ja kunnen masu ƙaryata lissafin kusufi da sunan kare addini, ya ce cutar da suke yi wa addinin ta fi ta maƙiyansa, domin wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafi ba, addinin zai yi wa shakka. Ibnul Haisam a Alƙahira gwaji ya yi ta yi a kan haske da gani, kuma da sallarsa. Rigimata da kai ɗaya ce: ka ɗauki sikeli, wanda ya ƙware a awo, ka naɗa shi alƙali.

Dokta Mai Yara:
Allah ya gafarta Malam, na yarda da kusan duk abin da ka ce, amma bari in taka burki, don na san yadda irin wannan hirar take ƙarewa in ta fita daga zauren nan. Gobe wani zai yanko "kimiyya tana da iyaka" ya tura a WhatsApp, ya ɗora hoton garin magani a leda, ya ce yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir a kwana uku. Ni nake karɓar yaran da aka yi wa sakiya da yankan beli da ƙazamar aska, an sha jiƙe-jiƙe sati biyu, sai jiki ya saki a kawo mana da tsakar dare. Iyakar kimiyya ba lasisi ba ce. A kan tambayar ko ɗigon nan yana hana haihuwa, kimiyya ce mai magana, kuma ta yi: ba ya hanawa. Yaran da aka ɗiga wa a 2004 yau ga su nan da goyo. A nan al'ada ba ta da ƙuri'a, haka ma malami ko sarki. Inda nake tare da ku shi ne, a makaranta an koya mini yadda ƙwayar take shiga jijiya, amma ba a koya mini cewa matar da ke gabana ba za ta iya amsa a kwantar da ɗanta ba sai mijinta ya dawo daga kasuwa, kuma in na yi mata tsawa gobe ba za ta dawo ba. Wannan a bakin aiki na koya, wurin nas-nas irin su Anti, bayan na yi ɓarin marasa lafiya da yawa da bakina.

Malama Zee:
Na san abin da Bash zai ce yanzu: ai nazarin al'umma ma kimiyya ce, a tura masu bincike su auna yarda da tsoro. Fannina ke nan, to bari in ba ku labarin yadda awon yake. Ina ɗaliba an ɗauke mu aikin cike fom a wani ƙauye, tambayoyi a kan haihuwa da rainon yara, an rubuto su da Turanci an fassara. Tambaya ta uku: 'ya'yanki nawa? Wata dattijuwa ta kalle ni ta ce, "'Yar nan, ana ƙirga 'ya'ya ne? Sai ka ce awaki." Na lallaɓa, ta fara lissafo sunaye, na samu shida. Muna cikin haka wani magidanci ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ta kau da kai ta amsa a daƙile. Da ya fita na ce wane ne, kishiyarta ta fashe da dariya ta ce ai ɗan farinta ne. Ba ya cikin shidan. Ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna shi nata ne a gaban mutane, tun yana jariri kakarsa ce ta raine shi.

Ni Bahaushiya ce, na san alkunyar ɗan fari, sai na gyara na rubuta bakwai. Amma a fom ɗin akwai wani gurbi na kusancin uwa da ɗa, ana ba da maki: tana kiran sunansa, tana wasa da shi, tana kallonsa in yana magana. In ka bi gurbin nan, wannan uwar sifili za ta ci, kwamfuta ta fitar da ita a cikin iyayen da ba su damu da 'ya'yansu ba. Alhali da aka zo rabon fura, na ga da idona wa aka ware wa babban ƙoƙo, aka aika ƙaramar yarinya ta kai masa, ba a ce daga wa ba. Lissafin bai yi ƙarya ba, abin da aka ce ya ƙirga shi ya ƙirga. Wanda ya tsara tambayar ne ya ɗauka so kala ɗaya ne a duniya, irin na garinsu.

Kuma wannan mai sauƙi ne. A Ruwanda 'yan mulkin mallakar Beljiyam sun bi mutane da ma'auni suna auna hanci da tsawo, da sunan ilimi, a shekarun 1930 suka buga wa kowa ƙabilarsa, Hutu ko Tutsi ko Twa, a katin shaida. Katin nan ne aka riƙa dubawa a shingen hanya lokacin kisan ƙare dangi a 1994.

Injiniya Bash:
Malama, wa ya rusa ilimin awon hancin? Kimiyya ce dai. Da aka gama karanta ƙwayoyin halittar ɗan Adam a 2003 aka ga kusan kashi 99.9 cikin ɗari duk ɗaya muke. Ita tana gyara kuskurenta. Al'ada fa, yaushe ta taɓa cewa na yi kuskure?

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya, ina biye da ku tun ɗazu. Injiniya, ka ce al'ada ba ta gyara kanta, to zo nan wajenmu ka gani, amma labarin ya fi haka karkacewa. Bayan farin shekarun 1970 masana suka cika ƙasar nan da aikin dashen itace. A kawo iri daga waje, a raine shi a leda, a dasa, a yi biki, rani ya zo ya ƙone, awaki su ƙarasa saura. A lokaci guda kuma an koya wa manomi cewa gona ta zamani ita ce wadda aka share fes, ba kututture ko ɗaya. Ga dokar gandun daji tun ta Faransawa: itace na gwamnati ne, ka sare reshe a gonarka a ci ka tara. To wane mahaukaci ne zai raini abin da zai jawo masa tara? Da ya ga tsiro sai ya cire tun yana ƙarami. Masana suna rubuta cewa manomi ba ya son itace.

Wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, shi ma dashen ya zo yi ya sha kaye. A 1983 ya lura cewa ƙananan ganyayen da ke tsirowa a gonaki ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. A bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi a sassabe saura, shi ke nan. Muna ce masa sassaben zamani, amma tsohona da ya ji sunan dariya ya yi, ya ce zamanin wa? Kakansa haka yake yi. Gawo kuwa wa zai gaya wa Bahaushe? Da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore ya ba dabba inuwa da 'ya'ya, kuma hatsin da ke gindinsa ya fi na ko'ina tsawo. Abin bai bazu ba sai da aka sassauta doka, manomi ya tabbata itacen nasa ne. Yau ana ƙiyasin hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a ƙasar Maraɗi da Damagaram. Ilimin itacen bai taɓa ɓata ba. Abin da masanan suka kasa gani shi ne tsoron ɗan gandun daji da ke cikin zuciyar mai gona.

Injiniya Bash:
Na karɓi wannan, labari ne mai kyau. Amma miliyan 200 ɗin da ka faɗa, wa ya ƙirga? Hoton tauraron ɗan Adam ne ya nuna wa duniya. Kuma kimiyya ce ta bayyana dalilin da ya sa gindin gawo ke da albarka, saiwarsa ce ke tara wa ƙasa sinadarin taki. Tsohonka ya san yana yi, bai san me ya sa ba.

Ɗan Maraɗi:
Gaskiyarka. Shi kuma mai tauraron ya san me ya sa, amma ko buhu ɗaya bai taɓa nomawa ba. Sai a haɗa su aure.

Ɗan Kurmi:
To tunda an zo nan, a taɓo mana ganin wata mana, lissafi ko ido?

Admin:
Ɗan Kurmi, wallahi ka sake ka taɓo wannan sai na fitar da kai har bayan Sallah. Bara kwana uku muka yi ba mu yi barci ba.

Ummu Sultana:
Ku yi haƙuri in shigo, ban saba magana a nan ba. Yaya Bash, tambaya gare ni, kuma ba ta gardama ba ce. Shekara huɗu muna tare da wanda zan aura, an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana bayan babbar Sallah. Da muka je gwajin jini, wanda yanzu doka ce a Kano tun 2024, aka ce ni AS shi ma AS. Likita ya zana mana akwati huɗu a takarda, ya ce kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. Na san mene ne amosanin jini, ƙanwar ƙawata tana da shi, na taɓa kwana da ita a asibiti tana cizon filo don ciwon ƙashi. Kakata ma yanzu nake tunanin wabin da aka ce ta yi, 'ya'ya biyar suna mutuwa har aka sa wa babana Ajuji, ko shi ne ba a sani ba. Gwaggona ta ce a fasa. Mahaifiyarsa ta ce Allah ke rayawa, ita ma ta ga masu AS da suka haifi biyar lafiya lau. Shi kuma ya ce duk abin da na zaɓa. Ka ce komai yana aunuwa. Don Allah auna mini.

Injiniya Bash:
Subhanallah. Ƙanwata, Allah ya zaɓa miki mafi alheri. Abin da zan iya faɗa da tabbaci: ɗaya cikin huɗun nan a kowane ciki ne daban, ba wai in an haifi mai sikila ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Ana iya haifar biyar ba ko ɗaya, ana iya samun uku a jere. Masu biyar lafiya ɗin da surukarki ta gani gaskiya ne, amma sa'a ce, ba hujja ba. Kuma ku sake gwajin a wani wuri mai inganci, ana samun kuskure. In ya tabbata, ni a ganina ku haƙura.

Ummu Sultana:
Na gode Yaya. Wannan "ku haƙura" ɗin, kimiyyar ce ta faɗa ko kai ne?

Injiniya Bash:
Na rubuta amsa sau uku ina gogewa. Ni ne. Lissafin ya tsaya a ɗaya cikin huɗu. Sauran daga abin da na gani ne a gidan yayata, ɗanta na biyu yana da shi.

Dokta Mai Yara:
Ni ma shawarata ke nan Ummu, kuma ni ma ba daga littafi na ɗauko ta ba, daga ɗakin yara ne. Ki sani kuma yanzu ana kula da masu sikila fiye da da, suna girma, suna karatu, suna aure. Amma hidima ce ta rayuwa gaba ɗaya, kuma yawanci a kan uwa take sauka. Ku je tare a yi muku bayani a zaune, kada ki ɗauki nauyin nan ke kaɗai.

Almajirin Zaure:
Ki yi istihara 'yata, ki kuma saurari likitoci. Ɗayan ba ya kore ɗayan.

Anti Nas:
Ummu, ki taɓo ni ta gefe yanzu, ban yi barci ba. Akwai maganar da ba ta zaure ba ce. Kuma ki faɗa mini wace ce ta fi jin maganarki a gidanku, gwaggon ko mamanki, don ta nan za mu fara.